Suna na Sittin da Biyar

Litinin, 8 ga Jimada Ula 1387, bayan azahar

Na yi wani abu yau, ban gaya wa kowa ba. A nan kawai zan faɗa, a ragowar littafin insha'ina na aji shida. An gama makaranta, babu mai duba shi kuma.

Malam Na'ibi, magatakardan umda, wato mai unguwarmu ta Mahjar, idonsa ya yi yana. Wata biyar ke nan ni nake yi masa rubutu a tsakar gidansa. Yana faɗa ina rubutawa, ya kai ofis a zuwan nasa ne. Daga ni sai matarsa muka sani. Inna ta ɗauka tankaɗe nake zuwa taya matar.

Yau sunayen masu zaɓe ya faɗa mini. Baladiyya, hukumar gari, za ta fitar da sabon titi ta unguwarmu. Ko dai ya bi ta lungunmu ya cinye gidaje, ko ya bi ta garken awaki da ɗakunan ajiyar Abdulghaffar, wani mai hali a unguwar. Umda ya ce maza su zaɓi wakili ɗaya da zai je ya kai maganar unguwa. Mutum biyu suka fito: Ustaz Hamad da ke koyar da yara a masallacin lungunmu, da shi Abdulghaffar ɗin da kansa. Amma sai mai tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa, zai jefa ƙuri'a. Mai iƙama, takardar zaman baƙo, ba ya ciki.

Malam Na'ibi duk a ka yake riƙe da sunayen. Ya jero sittin da huɗu. Lungunmu gida hamsin da wani abu ne, mutum tara kawai na ji daga ciki. Da ya ce, "Halas, bar tawadar ta sha iska," ya tashi alwala, sai na ga saura layi ɗaya a ƙasan takardar.

Na rubuta: Usman bin Muhammad al-Hausawi, mai ruwa.

Na fi ƙawata shi a kan sauran.

Talata, da hantsi

Baba ya fita tun asuba da garwarsa biyu rataye a sanda. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana ɗebo ruwa daga bazan, famfon unguwa, yana kaiwa gidaje. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta kamar tafin ƙafa. Inna ta ce ranar sunan Abdulghaffar ma Baba ne ya cika randunan gidansu.

Ina ta tambayar kaina me ya sa na yi. Ina jin saboda maganar Kawu Rafi'u ce, ƙanin Inna. Ya zo cin tuwo makon jiya yana tsokanar Baba kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Alhaji, ni dai ina da ƙuri'a. In ka yi mini biyayya zan ɗan ara maka ka sunsuna."

Baba ya yi dariya, ya ce, "Yaron da na goya daga bakin jirgi a Sawakin ta Sudan yana kukan ƙishirwa."

"Na ji. Amma shekarar da ake rubuta mutane ana ba su tabi'iyya wa ya ce maka zo mu je? Ka ce kai baƙon Allah ne, baɗi za ka koma Haɗeja, ba ka son takardar da za ta ɗaure ka. Baɗin nawa ke nan?"

Baba ya ci gaba da yanko loma, amma bai ƙara kai ta baki ba. Ni na ɗauke kwanon, na gani.

Laraba, bayan la'asar

Malam Na'ibi ya kai takardar. Na so in ce masa ya dawo da ita in gyara wani abu. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Haka nake tun a makaranta. In malama ta kira ni allo na san amsa, sai dai in tsaya ina kallon yatsun ƙafata.

Juma'a, 12 ga wata, bayan an sauko

An karanta sunayen a ƙofar masallaci.

Na ji takun Baba tun daga bakin lungu, ba irin na kullum ba. Ya shigo bai ko cire takalmi ba.

"Dela! An kira ni!"

Inna tana suyar gyaɗar da take sayarwa, ta ɗago. "Wa ya kira ka, Alhaji?"

"Ladan. A cikin masu zaɓe. Ni ne na ƙarshe. Da sunana, da na ubana, da sana'ata."

"Kuskure ne."

"Wane irin kuskure har da sunan uba? Wataƙila yanzu shekaru suke dubawa. Sun ƙirga sun ga na kai."

Ya juyo gare ni. "Luba, ke da kika yi karatu, ana rubuta mutum a takardar hukuma da kuskure?"

Na ce ban sani ba.

Ban taɓa ganin haƙoransa na can ciki ba sai yau.

Asabar, da hantsi

Ya sa Inna ta ciro farar rigarsa ta Idi daga akwati. Na wanke, na sa shuɗi, na shanya. Saura kwana bakwai.

Ban faɗa ba.

Lahadi, bayan la'asar

Mutanen lungu sun cika ƙofar gidanmu. Duk marasa tabi'iyya ne: masu dako a tashar jiragen ruwa, masu wanki, mai gyaran takalma, tsoho makahon nan da ke zama a inuwar masallaci. Ina ji ta jikin katangar kwano.

Wani ya ce, "Usuman, ta yaya ka yi? Wa ka gani?"

Baba ya rantse bai ga kowa ba.

Kawu Rafi'u ya yi musu bayanin yadda za a yi. Za a kira mutum, ya dangwala babban yatsa a tawada kusa da sunansa, ya shiga bayan labule. Garwa biyu ne a can, ɗaya an ɗaura mata farin ƙyalle ta Ustaz Hamad, ɗaya kore ta Abdulghaffar. Kowa ya zo da ƙwallon dabino ɗaya ya jefa.

Mai gyaran takalma ya ce, "Garwa kuma? Ashe kayan aikinka ne, Usuman. Kai ya kamata ma a fara kira."

Aka yi dariya. Sai tsoho makaho ya ce a kawo dabino. Aka kawo guda ɗaya mai kyau, aka ba Baba ya ci, aka wanke ƙwallon. Suka riƙa miƙa wa juna shi, kowa ya riƙe a tafinsa ya yi addu'a ya ba na kusa. Ya daɗe yana zagayawa.

Tsohon ya ce, "To ga shi. Mu arba'in da uku ne a cikin ƙwallon nan. Ka jefa da kyau."

Na shiga ɗaki na rufe fuskata da filo.

Litinin, bayan azahar

Zafi da gumi. Iskar teku ta tsaya. Gyaɗar Inna ta ƙone, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce wa Baba a hankali, tana zaton ba na ji, "Alhaji, kar ka je. Iƙamarka ta mutu tun Muharram da kafilinka, wanda ya tsaya maka, ya rasu. Ka manta Yahya?"

Yahya maƙwabcinmu ne. Bara aka tsayar da shi a hanya aka tambaye shi takarda. Matarsa na nan har yanzu, tana wa mutane wanki. Ba na son rubuta sauran.

Baba ya ce, "Yahya tsayar da shi aka yi. Ni kira na aka yi. Ba ɗaya ba ne."

Talata, da hantsi

Na je gidan Malam Na'ibi. Ya faɗa mini wasiƙa biyu na rubuta. Bai ce komai a kan sunayen ba. Ni ma ban ce ba. Matarsa ta ba ni shayi, na bar shi ya huce.

Alhamis, bayan magariba

Baba ya ɗinke aljihun farar rigar da kansa don kada ƙwallon ya faɗi. Ya tambaye ni da wane yatsa ake dangwalawa, dama ko hagu. Ya gwada a kan tabarma da baƙin tukunya.

Na ce, "Baba."

Ya ce, "Na'am, 'yar malamai."

Na ce ruwan alwalarsa na nan.

Asabar, 20 ga wata, da hantsi

Ya tafi. Mutanen lungu sun raka shi har bakin titi, suka tsaya a nan.

Asabar, bayan azahar

Ya dawo. Yatsansa babu tawada.

Lahadi, bayan la'asar

Bai fita aiki ba. Garwa biyun na jingine a inda ya bar su shekaranjiya. Rigar tana rataye a ƙusa.

Kawu Rafi'u ya zo, yau babu tsokana. Ya zauna a bayan murhu yana gaya wa Inna, ni ina ɓare gyaɗa. Ya ce an kira sittin da huɗu, Baba yana tsaye a rana. Da aka kira shi ya matso ya miƙa yatsa, sai Abdulghaffar ya dafe takardar.

"Ya ammi Usman, baffana, fen tabi'iyya, ina take?"

Baba ya ce, "An kira ni."

"Na ji an kira ka. Takardar nake tambaya."

"Ɗana, ni na cika randunan sunanka. Akwai gidan da ban shiga da ruwa ba a unguwar nan?"

"Mun gode, ya ammi. Amma ba randa ake cikawa a nan ba."

Kawu ya ce wasu sun yi dariya. Ya ce wani abu kuma ya faru a bakin ƙofa da Baba zai fita. Ba zan rubuta shi ba. Na ga inda rigar ta yage a kafaɗa.

Abdulghaffar ya samu arba'in da ɗaya, Ustaz Hamad ashirin da uku. Na yi ta maimaitawa a raina. Ko da an bar Baba ya jefa, ashirin da huɗu ne. Babu abin da zai canza. Babu komai.

Litinin, da hantsi

Baba ya fita da garwa. Ya bi ta bayan lungu don kada ya wuce ƙofar masallaci.

Ban faɗa ba.

Laraba, bayan azahar

Wasu mutum uku sun zo da gwangwanin jan fenti. Sun bi gidajen lungunmu suna rubuta kalma ɗaya a kowace ƙofa. Baba ya tsaya yana kallon tamu, fentin na zuba.

"Luba, me suka rubuta?"

Na ce, "Izala."

"Da Hausa."

"Za a rushe."

Ya gyaɗa kai. Ya ce rubutunsu bai kai nawa kyau ba.

Alhamis, 25 ga wata, bayan la'asar

Abdulghaffar ya shigar da ƙara wurin umda. Ya ce Baba da Malam Na'ibi sun haɗa baki sun cusa suna a takardar hukuma. An dakatar da Malam Na'ibi daga aiki. An ce Baba ya je ofishin umda ranar Alhamis mai zuwa da hantsi, ya taho da iƙamarsa.

Inna ta zauna a ƙasa da ta ji kalmar.

Kawu ya ce umda ba mugun mutum ba ne. Da kuskure ne, da ya yaga takardar an wuce, ba zai ma tambayi iƙama ba. Amma haɗa baki laifi ne babba, dole ya miƙa mutum gaba. In aka miƙa shi gaba kuwa za a duba takarda, wanda tasa ta mutu jirgi ake sa shi.

Daga gidanmu ana jin ƙahon jiragen ruwa in iska ta juyo. Yau ta juyo.

Juma'a

Ban ci abinci ba. Na ce cikina ne.

Asabar, da hantsi

Na je gidan Malam Na'ibi, ko da yake babu sauran rubutu. Yana zaune a kan buzu, fuskarsa na kallon inda ba ni ba.

Ya ce, "Luba ce? Na san takunki. Kamar mai neman gafarar ƙasa."

Na durƙusa.

Ya ce, "Suna nawa na faɗa miki ran nan?"

Na ce, "Sittin da huɗu."

"Ladan kuma ya karanta sittin da biyar. Ina sahun gaba, na ƙirga."

Na fara kuka. Ya bar ni na yi.

Na ce, "Me ya sa ba ka hana ba, Malam? Tun ranar."

Ya ce, "Na ji yadda ubanki ya ce na'am a bayana. Shekara ashirin ina rubuta sunayen mutane, ina tsallake waɗanda muka taka Sudan tare da su a ƙasa. Ranar nan na ji daɗi, ya binti, 'yata. Na ce bari in bar shi kwana ɗaya. Kwana ɗayan ya zama takwas."

Ya ce ya gaya wa umda hannunsa ne, shi kaɗai, amma umda bai yarda ba, don ya ce magatakarda ba ya ƙara suna haka kawai sai an roƙe shi.

Na ce, "In na je na faɗa fa?"

"Ba za ki je ba. Yarinya ba ta shiga ofishin umda cikin maza. Kuma a ce wata biyar 'yar shekara goma sha huɗu ke rubuta takardun unguwa? Ni na sha kunyata, ta ishe ni. Halas, tashi ki tafi gida."

Na tashi. A bakin ƙofa matarsa ta riƙe hannuna ta matse. Ban san me take nufi ba.

Lahadi, bayan azahar

Baba ya hau rufin ɗaki yana buga ƙusa a kwanon da ke ɗagawa. Inna ta ce, "Alhaji, gidan da za a rushe?"

Ya ce, "Kafin a rushe ai kuna ciki."

Kuna, ya ce. Bai ce muna ba.

Litinin, bayan la'asar

Tsoho makaho ya zo, mai gyaran takalma na jansa. Na zata faɗa za su yi wa Baba. Sun zauna kawai. Tsohon ya ce, "Titi zai bi ta kanmu, ba a tambaye mu ba. Mun yi dako, mun yi gini, mun binne 'ya'yanmu a ƙasar nan. Ba mu ce a ba mu sarauta ba. Ƙwallon dabino ɗaya muka ce."

Mai gyaran takalma ya ce, "Ni ko ƙwallon ma a bar shi. A tambaye ni kawai, in ce a'a, sannan a rushe."

Baba ya zuba musu shayi.

Talata, bayan magariba

Baba ya kira ni. Ya lissafa mini gidajen tsofaffin da ba su da mai ɗebo musu ruwa, ya ce in rubuta in ba Kawu ya samo wanda zai ci gaba. Gida shida ne. Na rubuta.

Ya ce, "Kar ki riƙe Na'ibi a ranki. Na san shi ya yi, don zumunci. Ya jawo mini, amma na yafe."

Na ninke takardar.

Ya ce, "Kin san wani abu, 'yar malamai? Ko yaya ta kaya, akwai mutumin hukuma ɗaya a garin nan da ya zauna ya ga na isa a rubuta ni. Da wannan zan tafi."

To yanzu in na faɗa, har wannan ɗin zan ƙwace masa. Ba mutumin hukuma ba ne. 'Yarsa ce kawai, da layi ɗaya da ya rage a takarda.

In kuma ban faɗa ba, zai tafi da shi. Zai tafi.

Laraba, 1 ga Jimada Sani, da hantsi

Inna ta ba ni farar rigar in ɗinke kafaɗar, da ita zai je gobe. Ina juya ta na ji abu mai tauri a aljihu. Bai farke ɗinkin ba. Ƙwallon na nan.

Na sa allura na ɓalle zaren, na ciro shi. Ya yi santsi saboda hannuwa.

Inna tana kallona. Ta kalli ƙwallon, ta kalli tabon tawadar da ke yatsana na tsakiya, wanda bai taɓa fita ba wata biyar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Tankaɗe ba ya baƙanta yatsa."

Ta juya ta ci gaba da hura wuta.

Laraba, bayan la'asar

Na tsaya a bayan ɗaki ina gwadawa da ƙarfi, ina fuskantar katanga. "Ni ce na rubuta." Sau uku na farko babu abin da ya fita. Na huɗu ya fita kamar kukan mage.

In murya ta ƙi, ina da hannu. Zan roƙi takarda in rubuta sunan a gabansa, ya gwada da na layin ƙarshe. Wutsiyar harafin nun ɗina ba ta kama da ta kowa, malama ta sha faɗa.

Sai dai Malam Na'ibi ya yafe mini. Ya ce kar in je.

Alhamis, bayan asuba

Baba ya ce zai kai wa tsofaffin nan shida ruwa kafin hantsi, sannan ya dawo ya sa riga. Na ji ƙarar garwarsa har ta ɓace a bakin lungu.

Umda yana buɗe ofis da fitowar rana. Ina da lokaci kafin Baba.

Ban san ko maganata za ta wadatar ba. Wataƙila umda ya yaga takardar. Wataƙila ya ce a kawo iƙamar duk da haka. Baba zai ji daga bakin wasu, a gaban mutane, cewa ba kowa ba ne ya ga ya isa, ni ce. Gara ya zauna a Mahjar yana jin haushina.

Inna ta ajiye mini baƙin mayafinta a kan tabarmata, da takalmanta na fita.

Na ɗauki alƙalamina. Ƙwallon yana cikin tafina. Zan ajiye shi a kan teburin umda kafin in fara, in gaya masa mutum nawa ne a ciki.